Kalmar da Ban Tsaya Na Ji Ba

Shekara biyu ke nan da muka binne Sali, sai yanzu hannuna ya yarda ya rubuta. Ba tausayi nake nema ba. Na san a gidajenmu na nan Faransa akwai masu jinya irin tawa, sun rufe ƙofa sun ce wa maƙwabta ciwon shawara ne. Ni ma haka na ce. In kina cikinsu ki karanta har ƙarshe, kada ki yi halina na tashi ana tsakiyar magana.

Sunana Habsatu, 'yar Damagaram ce ni, ina sayar da atamfa da turaren wuta a Lyon. A unguwar Minguettes nake zaune, hawa na tara, tun maigidana na da rai. Allah bai ba ni haihuwa ba. Sali ɗiyar ƙanena Isuhu ce. Na ce ɗiya, kuma na san wasu daga nan za su taɓe baki. Ranar suna Salisu liman ya raɗa, ina wurin. Da aka samu gurbin karatu a jami'ar da ke Villeurbanne, a hannuna aka sauka. A shekara ta uku aka zaunar da ni a kicin, ina gyaran kuɓewa, aka ce, "Gwaggo, ni mace ce. Ba daudanci ba ne, ba kuma Faransa ta koya mini ba. Tun ina ƙarama na sani. Sunana Salima."

Na yi kuka, na yi zagi, wata huɗu ban ɗaga wayarta ba. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Har yau ba zan ce na gane komai ba, akwai tambayoyin da na bar wa Allah. Sunan Sali shi ya rufa mini asiri, don ya shiga Salisu ya shiga Salima. Sai dai Hausa ba ta barin mutum ya ɓuya, ko ka ce "kai" ko ka ce "ke". Ni kuwa na ƙi duka biyun. Shekara da shekaru ina cewa, "An tashi lafiya? An ci abinci? A saka rigar sanyi." Ita kuma ta yi ta tsokanata: "Gwaggo, wai wannan An ɗin ɗan wace unguwa ne? Kullum kina gaishe shi, ni ba ki gaishe ni."

Da ta gama karatu ta koma Paris, ta shiga wata ƙungiya mai kare haƙƙin irinsu, waɗanda ake ce wa trans. Aikinta rakiya. Duk wadda ta iso daga Afirka ba takarda, ba wurin kwana, ba Faransanci, Sali ce mai kai ta ofishin takardu, ta kai ta asibiti, ta zauna kusa da ita tana fassara. Ranar jerin gwano kuma tana gaba da lasifika. Wata rana suna dawowa daga taro wasu samari suka ture ta daga matakalar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ƙugunta ya bugu. Likita ya rubuta mata ƙwayar kashe ciwo mai ƙarfi. Aka yi watanni ana sabunta takardar, sannan aka daina. Ciwon bai tafi ba, jikinta kuma ya riga ya kamu, sai ta koma sayen na titi. Duk wannan ban sani ba. In na kira ta ce aiki ne ya yi yawa.

Nadiya ce ta kira ni. 'Yar Maraɗi ce, irin Sali ce ita ma, ɗaki ɗaya suke haya a Stains, bayan garin Paris. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Hajiya, ki taho. Sali ba ta lahiya, kuma ni ta hi ƙarhina."

Na rufe shago na hau jirgin ƙasa. Wadda na tarar kwance ban gane ta ba sai da ta yi magana. Wuya ya fito, idanu sun zurma, ga zufa a tsakiyar hunturu. Na tattara ta muka taho Lyon a ranar.

Satin farko na ɗauka zazzaɓin sauro ne, duk da ta shekara takwas ba ta taka Nijar ba. Hamma ba iyaka, hanci na zuba, tsikar jiki na tashi, ƙafafu na shure-shure ba ta iya tsayar da su. Ga amai, ga gudawa. Na dafa tazargade, na yi mata sirace. A kwana na uku ta riƙe bakin zanena ta ce, "Gwaggo, ba palu ba ne, ba ruwan sauro. Ƙwaya ce jikina ke nema." Na zauna a ƙasa. Wallahi da ta ce mini ciwon daji ne da na fi samun abin faɗa wa mutane.

Muka je sashen gaggawa na asibiti. Tun bayan azahar muke zaune har aka yi la'asar aka yi magariba, tana naɗe a kan kujerar roba. Da layi ya zo kanta, ma'aikaciyar ta ɗaga murya ta kira sunan da ke kan takarda, har da "Monsieur", kiran da ake yi wa namiji. Sali ta miƙe da ɗankwalinta da 'yan kunnenta, ɗakin gaba ɗaya ya juyo. Ta saba, ni ce ban saba ba. Wani mutum ya yi dariya, na ce masa da Hausa abin da ba zan rubuta a nan ba. Aka ba ta maganin amai da na barci, aka ce gadon masu barin ƙwaya sai an jira, za a kira mu.

Sati uku muka jira wannan kira. A cikinsu na san tana samun abin da take samu, don wani lokaci ta ce za ta sauka shan iska, ta dawo jikinta ya lafa. Ban tambaya ba. Na ɓoye jakata, na kuma ji kunyar ɓoyewar.

Shawara kuwa ta zo kamar ruwan Agusta. Maƙwabciyata Hajiya Mariyama, 'yar Tawa, ita kaɗai na faɗa wa gaskiya a cikin maƙwabta, ita kuma ta ce sammu ne, ta kawo rubutu cikin gorar ruwa da man habbatus sauda. Wata 'yar'uwarmu a Marseille ta ce a saka ta jirgi a kai ta gida, akwai malamin da ke ɗaure irinsu wata uku su dawo garau. Isuhu kuma, uban, da na kira shi sai ya ce, "Yaya, ni ɗa namiji na tura karatu. In shi ne ba shi da lahiya, a maido mini shi. In wata ce, ban san ta ba." Na ce, "To ni na san ta, ni ke wanke amanta." Na kashe wayar. Rubutun dai ta sha, don ta ce ba ta gaba da ayar Allah.

A sati na huɗu aka ba ta gado. Nan zan yi godiya, don akwai waɗanda suka cancanta. Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe mu ta dubi takarda, ta dubi Sali, ta ɗauki biro ta rubuta Salima a ƙofar ɗaki ba tare da an roƙe ta ba. Akwai wani mai shara, dattijo ɗan Komoro, kullum sai ya nuna mini inda zan yi salla. Kwana biyar na farko ba a bar ni na gan ta ba. A na shida na shiga da kunun gyaɗa a filas. Tana kwance ta ba bango baya, hannunta na rawa ba ta iya riƙe kofi. Na tallafo kanta na ce, "Ki sha, ki daure ki sha ko kaɗan ne."

Ta tsaya da kofin a baki. Ta ce, "Gwaggo, mi kika ce?"

Na ce, "Na ce ki sha, ko kin kurumce ne?"

Ta yi dariya har kunun ya zube a zanen gado, sannan dariyar ta koma kuka. Ni ban shirya faɗa ba, fitowa ta yi. Daga ranar ban sake gaishe da An ba.

Likitarta mace ce, Baturiya, siririya, mai saurin magana. Ta so a ɗora Sali a kan wani ruwan magani da ake sha kowace safiya, wai yana riƙe jiki kada ya nemi wancan, kuma ana iya shekara ana sha. Sali ta kalle ni. Ni na ce a'a. Na ce an fitar da ita daga wata ƙwaya a saka ta wata, ina amfanin? Na ce mu a gidanmu in an bar abu an bar shi. Sali ta ce ita ma so take ta fita fes, ba komai a jininta. Ban sani ba ko ra'ayinta ne, ko don ta faranta mini ne. Wannan tambayar tana cikin waɗanda ke hana ni sakewa.

Ranar sallama, bayan sati biyu, Sali tana ɗaki tana haɗa kaya, likitar ta kira ni ofis ni kaɗai. Ta ajiye wani ɗan kwali da takarda a kan tebur. Faransancina na kasuwa ne. Na iya ciniki, na iya faɗa da mai karɓar haraji, na iya gaisuwa. Ta yi ta magana ina kama ɗaya ina sakin biyu, ina gyaɗa kai don kada a ce ban ji ba. Sai ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Madame, maintenant le vrai danger, c'est la tolérance."

Na kama cewa haɗari take faɗa, kuma kalmar ƙarshen, tolérance, na san ta. Ita ce a kan allunan da su Sali ke ɗagawa ranar jerin gwano. Ita ce a bakin 'yan siyasa a talabijin duk sanda za su yi maganarmu, mu baƙi, mu Musulmi. A sanina tolérance ita ce ka haƙura da wanda ba irinka ba. Sai na ji kamar cewa take, ke mai lulluɓi, haɗarin yarinyar nan ke ce, ba za ki iya zama da ita yadda take ba.

Jinina ya hau. Na miƙe na ce, "Ni za ki koya wa tolérance? Ina kike sanda ubanta ya ce bai san ta ba? Ina kike sanda nake wanke mata zane?" Rabi da Faransanci, rabi da Hausa. Ta ɗaga hannu tana cewa, "Non, non, Madame, attendez," wai in tsaya, tana turo mini kwalin. Na ce ta riƙe maganinta, mun gama da ƙwaya. Na fita na bugo ƙofa. A mota Sali ta ce, "Mi ya faru, Gwaggo?" Na ce ba komai, rainin hankalin Nasara ne. Ban faɗa mata kalmar ba, don kada ranta ya ɓaci. Da na faɗa, a numfashi ɗaya za ta fassara mini.

Sati uku da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na yi da ita. Ta fara cin tuwo tana neman ƙari. Kumatu suka dawo. Tana bi na shago, tana jera atamfa, tana ce wa masu saye zaɓinsu bai yi ba, kuma su saya. Barci ne kawai ya ƙi ta. Kullum da safe in na ce kin samu barci, ta ce, "Kaɗan." Idanunta duk sun yi ja. Na yi ta addu'a, Allah ka ba yarinyar nan barci. Na gaya wa Hajiya Mariyama ta warke, har na yi sadakar waina.

Sai aka kira ta daga Paris. Wata yarinya 'yar Kano da Sali ta daɗe tana yi wa rakiya za a saurari ƙararta ta neman mafaka, kuma ta ce ba ta buɗe baki sai Sali na kusa. Na ce kada ki je. Ta ce, "Gwaggo, in aka maida ta gida kin san abin da za a yi mata. Kwana ɗaya ne." Na ce to ki kwana wurin Nadiya, ki dawo da jirgin safe. Ta cika alkawari. Ranar Juma'a kafin azahar ta shigo. Na ce ƙaƙa aka ƙare, ta ce an ƙi yarinyar. Ba ta ƙara ba. Na zuba mata shinkafa ta ce sai ta tashi, ta shiga banɗaki ta ɗan jima, ta fito ta shige ɗaki.

Ina ninke kaya a falo na fara jin minshari. Mai nauyi, mai jan gaske, yana yi yana tsayawa, sai ya dawo da wani gurnani a maƙogwaro. Sali ba ta minshari. Amma abin da ya zo mini shi ne addu'ata ce aka karɓa. Na leƙa, tana kwance rigingine, ko takalmi ba ta cire ba. Na cire mata takalman. Na ja bargo na rufe ta. Na ce Alhamdu lillahi, na jawo ƙofa a hankali.

Hajiya Mariyama ta ƙwanƙwasa bayan an sauko daga masallaci, na tare ta a bakin ƙofa da yatsa a baki. Na ce, "Yi a hankali, ɗiyata ta samu kwana." Muka zauna a kicin muna magana ƙasa-ƙasa, muna jin minsharin ta bango, har tana cewa, "Kin ji, gajiyar wata da watanni ce take saukewa." Na kashe rediyo. Na cire wayar gida daga bango don kada ta yi ƙara.

Da na idar da la'asar na lura gidan ya yi tsit. Na ce bari na tashe ta ta ci abinci. Na kira, na taɓa ƙafarta, na girgiza ta. Leɓenta ya yi toka-toka. Na kira lambar gaggawa. 'Yan kwana-kwana, su ke kai ɗauki a nan, sun zo da sauri, ba zan zalunce su ba, sun yi ta danna ƙirjinta a kan dardumata har gumi ya jiƙa su. Babbansu ya tambaye ni tun yaushe take wannan numfashin. Na faɗa masa. Ya sunkuyar da kai.

Kwana shida gawar tana hannun hukuma kafin a ba mu, suka ce ƙwaya ce ta yi mata yawa. Sai maganar wanka ta taso. Maza suka ce ba huruminsu ba ne, matan da suka saba yi suka ce su ba su sani ba. Aka bar ni tsaye. Na naɗe hannun riga na ce ni na yi mata na farko a Damagaram tana jaririya, ni zan yi na ƙarshe. Hajiya Mariyama, wadda ko sau ɗaya ba ta taɓa kiranta Salima ba, ta tuɓe mayafi ta ce, "Ni in zuba miki ruwa." Allah ya saka mata. Liman ya yi salla bai tambayi kowa komai ba. Isuhu ya kira da yamma, ya ce, "Yaya, an sha wuya wurin fitar rai?" Na ce a'a. Shi ma ya samu An ɗin ya laɓe a bayansa.

Mutanen Paris sun zo, sun fi talatin, wasu da lulluɓin da ka gani ka san aro ne. Suka cika falona suna kuka. A kicin na ba Nadiya labarin likitar, ina neman wanda zai taya ni jin haushi. Ta ajiye kofin da take wankewa.

Ta ce, "Hajiya, tolérance ta ce?"

Na ce ita fa.

Ta ce, "Ba ke take nuhi ba. A bakin likita, sabawar jiki ce da ƙwaya. Mai sha kullum jikinshi ya saba, yana ɗaukar da yawa. In ya bari sati biyu, uku, sabawar ta tahi. Ran da ya koma ya sha daidai yadda ya saba sha da, shi ke kashe shi. Wanda ya hito asibiti ya hi kowa zama cikin hatsari. Kwalin nan kuma ba ƙwaya ba ce. Abin fesawa ne a hanci, in mutum ya yi nisa yana maido numfashi kahin motar asibiti ta iso."

Na ce, "Minsharin fa?"

 Ta rungume ni, ni kuwa na tsaya kamar itace.

Bayan arba'in na koma wurin likitar. Na je ne in ba ta haƙuri, ita ta riga ni. Ta ce ta ga ban gane ba, ya kamata ta bi ni har waje, ko ta nemo mai fassara, amma akwai mutane a layi. Ta ce ta gargaɗi Sali ita ma, Sali ta ce ba za ta koma ba balle ta buƙaci kwalin. Ina da ƙorafi a kanta, kuma na faɗa mata: kalma mai fuska biyu ba a jefa wa tsohuwa ita a tafi. Amma ni ce na tashi. Yarinyar da ta ƙare ƙuruciyarta tana fassara wa 'ya'yan mutane maganar likita, ranar tata tana ɗaki na kusa tana ninke riga, girman kaina ya hana in kira ta.

To ga abin da na saya da tsada, na ba ku kyauta. In naku ya fito daga asibitin barin ƙwaya, kada ku yi sadakar ya warke ku saki jiki, lokacin ne ya fi kusa da kabari. In likita ya ce a ɗora shi a kan maganin riƙo, ku saurara kafin ku ce a'a. In an ba ku kwali, ku karɓa, ku ce a nuna muku yadda ake yi. In ba ku gane magana ba ku ce ba ku gane ba, ba a mutuwa don wannan. In kuma kuka ji minsharin da ba ku saba ji ba, ku tashe shi. In bai tashi ba ku kira motar asibiti nan take, ku juya shi a kan haƙarƙari, kada ku bar ɗakin. Ko me kuke ganin ya zama, ko wane suna yake amsawa, ku fara tsare ran, sauran maganar a yi ta da mai rai.

Allah ya jiƙan Salima, ya yafe mata, ya yafe mini.

Watan jiya ina cikin taram, jirgin cikin gari, zan je shago, wani Bature ya jingina kai da gilashi yana minshari, tsakar rana. Mutane na ta danna waya. Na tsallake kujera biyu na kama kafaɗarsa na girgiza da ƙarfi. Ya buɗe ido a firgice, ya zazzage ni tas, har da uwata. Na koma na zauna ina cewa Alhamdu lillahi.